Mun Iya Rigimar Shiga Jami'a, Amma Wa Ke Ƙirga Waɗanda Suka Fito?

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu nan Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Duk shekara in lokacin raba guraben karatu ya zo, guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp wuta suke kamawa. An danne mana kaso, an hana yaranmu Medisin, a kira wane a Abuja, a rubuta wa sanata takarda. Ban ce a daina wannan ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne shirun da ke biyo baya. Ranar da aka liƙa sakamakon zangon farko na 'yan aji ɗaya a tsangayar kimiyya, guruf ɗin nan da ya hana mu barci sai ka ji shi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba mai tambayar yara nawa suka faɗi lissafi, nawa aka sa a jerin gargaɗi, nawa suka haɗa kayansu cikin dare suka bi motar gida ba su sake dawowa ba. Wani ma in ya je gida ce wa iyayensa yake yajin aiki ake yi, har sai ƙarya ta ƙare masa.

Maganata ɗaya ce. Ɗalibin kimiyya da ya zo daga sakandare mai rauni, a ba shi digiri mai ƙarin shekara tun daga farko: a shimfiɗa masa karatun aji ɗaya a kan shekara biyu, yana cikin jami'a da lambar matirik ɗinsa, ana koya masa abin da sakandarensa ta kasa. Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa ɗaga murya a kan haka, don mu abin ya fi ci.

Ku duba yadda tsarin yake yanzu. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilimin boko, kuma jihohin Arewa 19 duk suna cikin jerin nan na ƙarshe. Wato gwamnati da bakinta ta amsa cewa makarantunmu ba su shirya yara kamar na wasu ba. To bayan ta amsa, me ta yi? Ta buɗe wa yaro ƙofa, ta turo shi zauren lakca ɗaya da wanda ya yi shekara uku yana Foda Mas a makarantar kuɗi a Legas, lakcara ɗaya, sauri ɗaya, jarrabawa ɗaya, cikin mako goma sha biyar ko ƙasa da haka. Kason nan a bakin get yake tsayawa, ba ya shiga aji.

Mu da muke digiri na biyu ana sa mu taya malamai kula da 'yan aji ɗaya a lab, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Akwai yaron da ya zo da kiredit a kemistiri amma ranar ce ta farko da ya taɓa riƙe biyuret a hannunsa. Ya san sunanta, ya iya zana ta, ya haddace lissafin da ake yi da ita, amma bai san ana karanta ma'auninta daga sama zuwa ƙasa ba. Akwai wadda ta ci bayoloji da kyau ba ta taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta ba. A PHY 101 kuma tun makonnin farko malami ya fara zuba lissafin da yake ɗauka kowa ya sani, alhali kalkulas sai a kwas ɗin lissafi za su gamu da shi, wani wurin ma sai zango na biyu. Ga zaure mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, lasifika tana shaƙewa, ga Turancin malami da karin harshen da kunnen yaro bai saba da shi ba. Kafin kunne ya buɗe an yi tes na farko. Ga shi mu kuma da kunyar tambaya, yaro ya gwammace ya faɗi da a yi masa dariyar Turancinsa a gaban aji.

Sai wani ya zo ya ce ai lalaci ne, yaran yanzu TikTok ya cinye su. Akwai malalata, ban musa ba. Amma malalaci ba ya kwana a aji yana ta maimaita handawut ɗin da bai gane layin farkonsa ba. Duk mai shakka game da ƙwaƙwalwar yaranmu ya tuna makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta buɗe a 1977. Yaran karkara aka zaɓo, aka ba su malamai da lab da abinci da lokaci, yau ga likitoci da injiniyoyi da farfesoshi nan da suka fito daga can ba iyaka. Ƙwaƙwalwar tana nan. Malamin fiziks da lab ne babu a mafi yawan makarantun gwamnati da muka fito.

Bari in yi muku lissafin da ba a yi mana a ranar wayar da kan sababbin ɗalibai. Mu ɗauki ma'aunin maki 5, mu ƙaddara digirin yunit 160 ne, 40 kowace shekara. Yaro ya gama aji ɗaya da CGPA 1.50, wato ya tara maki 60. Kafin ya fita da 2:2, wadda ke farawa daga 2.40, sai ya riƙe 2.70 a sauran shekara ukun. Wannan mai yiwuwa ne. Amma 2:1, wadda ke farawa daga 3.50, sai ya riƙa samun kusan 4.17 shekara uku a jere ba tuntuɓe. Kuma wannan lissafin sassauci na yi masa, don ban sa kariyoba a ciki ba. Kariyoba kuwa kun san halinta. Lokacin lakcarta ya ci karo da na kwas ɗin aji biyu, akwai iyakar yunit da za ka iya rajista a zango, sai ka ajiye wani kwas don ka ɗauki tsohon, wanda ka ajiye kuma shi ne sharaɗin wani na aji uku. Haka bashin ke ta haihuwa har ya kai ka sifil. Wata takwas na farko, lokacin da yaro bai ma gama sanin hanyar hostal ba, su ke yanke masa hukuncin ko zai yi mastas, ko zai samu tallafin karatu, ko takardarsa za ta wuce teburin farko a wurin neman aiki.

Na san abin da za ku ce: ai muna da rimediya, muna da IJMB. Gaskiya ne, kuma duk ɗan Arewan da ya raina su bai san tarihi ba. IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1976, da SBRS ta Funtua, da CAS ta Kano, sun fitar da mutanen da ba don su ba da ko ƙofar jami'a ba su gani ba. Nan Kudu ma suna da nasu na share fage, ga kuma JUPEB da ta zo daga baya. Amma ku dubi inda aka ajiye su. Ɗan rimediya a waje yake. Ya biya kuɗi, ya yi shekara, har yanzu sai ya sake zama JAMB, sai ya sake fafutukar gurbi, kuma ko yunit ɗaya na abin da ya karanta ba ya shiga digirinsa. Tunda burin kowa a wurin shi ne ya tsallake, karatun sai ya koma haddar tsofaffin tambayoyi. IJMB da JUPEB kuwa matse lokaci suke yi: a ɗura wa yaro karatun matakin gaba da sakandare cikin kusan shekara ɗaya, a jefa shi aji biyu kai tsaye. Ga mai ƙarfi hanya ce mai kyau. Ga wanda tushensa ke rawa, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Kuma dukkansu, ranar da ka shiga jami'a sun sallame ka, ba wanda zai sake tambayar yaya ka kwana da MTH 102.

Akwai ƙasar da ta daɗe tana fama da irin wannan ciwo, wato Afirka ta Kudu. Su dokar wariyar launin fata ce ta lalata makarantun baƙaƙe da gangan tun 1953, mu kuwa namu sakaci ne da gadon tarihi, amma a ƙofar jami'a sakamakon iri ɗaya ne: yaro mai kai, makaranta marar komai. Digirin kimiyya a can shekara uku ne. Sai jami'o'insu suka fito da mai shekara huɗu ga wanda suka ga yana da ƙwaƙwalwa amma bai samu shiri ba. Jami'ar Natal ta fara shirinta na share fagen kimiyya a 1991, Jami'ar Firitoriya kuma ta mayar da harabarta ta Mamelodi gidan irin wannan karatu. Gwamnati na ware kuɗi na musamman dominsa. Yadda abin ke tafiya shi ne, ɗalibi cikakken ɗalibi ne tun ranar farko. Ana rage masa yawan kwasa-kwasai, a ƙara masa sa'o'in koyarwa a kan kowanne, aji ƙarami, lab da yawa, a haɗa masa da koyon karanta littafin kimiyya da rubuta rahoton gwaji. A ƙarshe jarrabawar da kowa ya yi ita zai yi, takardar digirin da kowa ya karɓa ita zai karɓa.

A 2013 majalisar kula da ilimin gaba da sakandare ta ƙasar ta fitar da wani rahoto ƙarƙashin jagorancin Farfesa Njabulo Ndebele. Sun gano cewa a cikin ɗaliban da ke zuwa aji, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke gamawa a kan lokacin da aka tsara. Sai suka ba da shawara mai ƙarfin hali: tunda mafi yawa ba sa gamawa a kan lokaci, a mayar da mai ƙarin shekarar shi ne digirin kowa, wanda ya nuna ƙarfi a ba shi hanyar gamawa da wuri. Ba a aiwatar da shawarar yadda suka so ba, amma ni abin da ya burge ni shi ne sun ƙirga. Sun bi sawun yaran da suka shiga, shekara bayan shekara, suka buga wa duniya. Mu fa? Je ka tambayi shugaban ƙungiyar ɗaliban jiharku yaranmu nawa aka kora daga tsangayar kimiyya bara, ka ga yadda zai kalle ka.

Ba wai nasu ba shi da aibu ba, kuma in za mu kwaikwaya gara mu kauce wa ramin da suka faɗa. Babban kukan da ake yi da shi shi ne tallafin yakan tsaya a farko. An riƙe hannun yaro shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, sai a sake shi cikin babban aji, ya ci karo da kemistirin aji biyu, ya sake kifewa. Don haka namu kada ya zama rimediya da aka sauya wa riga. Tutoriyal na dole ya bi yaro har aji biyu, a kwasa-kwasan da kowane sashe ya san su ne makabartar ɗalibansa, kuma kowane sashe ya san su, har sunaye muke ba su. Sai maganar malamai. In aka mayar da shirin wurin jefa ƙaramin malamin da ba shi da uwa a gindin murhu, ko ɗan kwantiragin da bai san ko za a sabunta masa ba, an kashe shi tun ran gini. Malamin da ya fi iya bayani a sashe shi ya kamata ya koyar da waɗannan yara, kuma a lissafa masa hakan wajen ƙarin girma, don a yanzu takardun bincike kawai ake ƙirgawa, mai ɓata lokacinsa a kan ɗan aji ɗaya kansa ya cuta.

Sai tabon suna, kuma wannan ya fi damuna, don na san garin da muke zaune. In aka kuskura aka ce shirin na 'yan jihohin da aka bari a baya ne, wallahi kafin sati ya zagayo an raɗa masa "ajin aboki". Shi ya sa bai kamata a zaɓi kowa da sunan jiharsa ba. A yi wa kowane sabon ɗalibin kimiyya gwajin lissafi da Turanci da aikin lab a makonni biyun farko, kowa da kowa. Za ku sha mamakin yawan 'yan Ekiti da 'yan Ebonyi da za su faɗo ciki, don makarantar gwamnati marar malamin fiziks ba a Arewa kaɗai take ba, kuma cibiyoyin nan da ake saya wa yara sakamako ba su san ƙabila ba. A kuma bar ƙofa a buɗe ta ɓangare biyu: wanda ya fara da mai shekara huɗu ya ga ruwa ya fi ƙarfinsa bayan tes na farko, ya iya komawa mai biyar ba tare da an liƙa masa F ba, wanda ya nuna ya wuce wurin a ɗaga shi.

Yanzu ga masu cewa shekara biyar ta yi yawa. Malam, shekara nawa muke yi yanzu? Ƙa'idar jami'o'i ta ba mai digirin shekara huɗu har shekara shida kafin a sallame shi, kuma kowa a nan ya san wanda ya cinye su shida ɗin cif, ya fita da takardar da yake jin kunyar nunawa. Ƙarin shekarar muna biyan ta tuntuni, sai dai a ƙarshe muke biya, da kuɗin makaranta da kuɗin haya da zubewar mutunci, bayan CGPA ta riga ta mutu. Ni cewa nake a biya ta a farko, lokacin da za ta yi amfani. Kuma mu da yajin aikin ASUU ya cinye wa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022 muna zaune a gida ba ko harafi, bai kamata shekarar da za a yi ana koyarwa ta ba mu tsoro ba.

Inda na yarda maganar tana da nauyi shi ne wajen 'yan uwanmu mata da waɗanda suka fara boko a makare. Yarinyar da da ƙyar aka bar ta ta zo Kudu, an ce shekara huɗu ta dawo, ƙarin shekara ba ƙaramin abu ba ne a gidansu. Wanda kuma ya shigo yana da shekara 25 yana kallon iyakar shekara 30 ta bautar ƙasa. Shi ya sa ya zama zaɓi, a zaunar da ɗalibi a nuna masa sakamakon gwajinsa da lissafin nan da na yi a sama, ya yanke da kansa. Amma uban da aka gaya wa shekara biyar tun farko ya shirya mata, ya fi wanda aka gaya wa huɗu, aka zo ana masa kame-kame a ta shida.

Masu cewa an rage darajar digiri kuwa, su faɗa min wace tambaya aka cire daga jarrabawa. Rage daraja shi ne a ga rabin aji sun faɗi a ƙara wa kowa maki goma a rufe maganar, ko yaro ya haddace amsoshin shekarun baya ya tsallake bai san me ya rubuta ba. Wannan kuwa ana yi, kuma ban ji masu kishin daraja suna ihu a kai ba.

Kuɗi fa? Sabon tsarin manhaja na CCMAS da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara da kanta, ga wurin da kwasa-kwasan gina tushe za su zauna. TETFund na gina zaurukan lakca, ba abin da zai hana a nemi ta sa hannu a ƙananan ajujuwa da kayan lab na 'yan aji ɗaya. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na wanda ya riga ya samu gurbi ne, yana da lambar JAMB da ta makaranta, kun ga ɗan rimediya yana waje, amma ɗan digiri mai ƙarin shekara yana ciki. Su kuma gwamnatocin jihohinmu da ke son ɗaukar hoto a filin jirgi da ɗaliban da za a kai ƙasar waje, kuɗin mutum ɗaya a can zai biya masu tutoriyal nawa a nan? Ana biya wa yara kuɗin rajista a yi shela a rediyo, madalla, amma ba hukumar tallafin karatun da na ji ta aiko tana tambayar me ya sa yaron da ta biya wa bara ba ya cikin jerin bana.

Mu ma ƙungiyoyinmu sai a hankali. Kuɗin da muke tarawa ina yake tafiya? Ranar al'ada, hayar doki da alkyabba, kalanda, da allon karramawa da za a kai wa ɗan siyasa har gida a ce masa garkuwan matasa. Tutoriyal ɗin da ke ceton yaranmu kuwa, wasu 'yan aji uku da aji huɗu ne ke yin sa fisabilillahi a barandar masallaci ko ajin da ba wuta, da makar da suka saya da kuɗin abincinsu. Allah Ya saka musu. Amma ranar da mai yin sa ya kammala, shi ke nan abin ya mutu sai an sake samun wani mai zuciya. Makomar ɗaruruwan yara ba za ta rataya a kan sa'ar samun mutumin kirki ba, aikin jami'a ne, a sa shi a jadawali, a biya mai yin sa.

Canza tsawon digiri sai majalisar jami'a da NUC, na sani, ba aikin sati ɗaya ba ne. Amma ba za su saurare mu da baki kawai ba, sai da alƙaluma, kuma alƙaluman a hannunmu suke. Kowace ƙungiyar jiha tana da rajistar sababbin ɗalibanta. A ɗauko ta shekara uku da suka wuce, a ware 'yan kimiyya da injiniya da lafiya, a bi su ɗaya bayan ɗaya cikin sirri ba tare da an fallasa sunan kowa ba: wa ya wuce lafiya, wa ke ɗauke da kariyoba kuma a wane kwas, wa aka mayar wani sashe, wa ya ɓace. A haɗa da sunan irin sakandaren da ya fito, ta gwamnati ko ta kuɗi, da lab ko babu. Na tsara fom ɗin, shafi ɗaya ne, tambaya tara. Sakataren ƙungiyar da ke so ya yi min magana ta inbok in turo masa, 'yan Ibadan da Ife da Nsukka da Benin da Fatakwal duk ina nufin ku. In mun haɗa kafin ƙarshen zangon nan, kwafi ɗaya ya tafi ofishin shugaban tsangayar kimiyya, ɗaya kuma hukumar tallafin karatu ta kowace jiha.